Ƙusa a Takalmin Matar Baban Guduma

Shekara talatin da ɗaya Baban Guduma ya yi yana gyaran takalmi a gindin katangar tashar mota, da benci ɗaya da akwatin kayan aiki da wata tsohuwar lema. Duk takalmin da aka miƙo masa, kafin ya dubi mai shi sai ya zura hannu ya shafa cikinsa daga diddige har yatsu. Akwai shi da cika baki, amma fa aikinsa ba a kushe shi.

Da aka ce matarsa tana da ciwon suga, sai ya zama ɗan sandan gidan. Gwangwanin sukari ya kyautar wa maƙwabta. Shi ke tuna mata lokacin magani, shi ke tsayawa a kan faranti yana cewa a rage shinkafa a ƙara ganye. Likita ya ce ta riƙa tafiyar rabin awa kullum, gogan naka ya mayar da ita awa guda. Ita kuwa takan ce mai gyaran takalmi ta aura, ga shi an wayi gari ya zama likita ba takarda.

Ran nan da hantsi ta biyo ta wurin aikinsa, wai takalmin hagu ya ishe ta da ƙwas-ƙwas a kan siminti. Ya karɓa yana hira, ya zura hannu, sai ya fizge shi da sauri, jini a yatsa. Ƙusa ce ta huda ta fito ciki, tsininta a tsaye, kewayenta fatar ta yi baƙi ta ƙandare da busasshen jini.

Ya zaunar da ita, ya cire mata safa, ya ɗaga ƙafar. Rami ne a diddigenta, ya kumbura ya yi ja jawur, har ya fara wari. Ita ko a jikinta, sai tambayarsa take ko lafiya.

"Ba ki jin komai a nan?"

"A ina?" in ji ta, alhali babban yatsansa na kan wurin.

A asibiti nas ta ce ciwon suga kan kashe jin ƙafa, shi ya sa ake cewa a duba tafin ƙafa kullum, a laluba takalmi kafin a sa. An faɗa musu haka tun farko, ya tuna sarai, don shi ne ma ya yi dariya ya ce wa za a koya wa takalmi. Likita ya ce a kwantar da ita; ko ƙafar za ta tsira, sai hoton ƙashi ya fito.

Yana zaune a baranda ya ciro filaya daga aljihu ya zare ƙusar daga takalmin. Yana ganinta ya gane ta. Irin tasa ce. Mako biyu da suka wuce dunduniyar takalmin ta ɓalle, ya buga mata a tsaye, mai aiki na jira, bai lanƙwasa tsinin ba. Aikin gida ne, ya ce ai ba komai. Kuma kullum shi ke korarta ta je ta cika awa guda a kai.

Da ya shiga ɗakin, ta hango ƙusar a tafin hannunsa, ta ce Allah ya isa tsakaninta da masu zubar da ƙusoshi a hanya. Ya tsuguna a gefen gadon, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki janye Allah ya isan nan, Maman yara," ya ce. "Ba a hanya kika taka ba. Ni na buga ta."