Goggon Fulas da Sabon Suna

Goggon Fulas ba ta karanta ƙananan rubutun waya. Tela ce, kuma zare da allura sun cinye mata ido tun tuni. Ita ta kafa zauren hira na waya na matan da ke kai wa masu jinya ruwan zafi asibiti kyauta, kuma da hoto take gane shi a wayarta: tsohon fulas ɗinta ja, mai lotsattsen murfi. Sunan zauren Masu Fulas.

Kuskurenta guda, ta sa an ba kowace mace ikon shugabanci, don kada wata ta ce an raina ta.

Da zauren ya cika, malamar makaranta ta ce sunan ya yi ƙauyanci, ta mai da shi Taurarin Jinƙai. Kafin azahar mai kemis ta sauya zuwa Matan Gobe. Mai gyaran gashi ta ƙara masa furanni gaba da baya. Goggo dai tana ta taka kekenta. Sai ranar da aka cire fulas aka sa hoton tauraro. Ta yi ta murza waya, zaurenta ya ɓace. A ɗakin haihuwa ta ji labari, wata mai jinya ta ce sun yi ta neman ruwa a zauren ba ta amsa ba.

Ta dawo shago, ta sa maƙwabciyarta ta nemo mata zauren, ta danna ta aika saƙon murya a tausashe.

"'Ya'yana, sunaye sun yi kyau. An ce waya tana nuna wadda ta sauya. To, daga yau duk wadda ta taɓa suna ko hoto, mun san tana da sukuni. Ita za ta ɗauki fulas da asuba, har hawa na uku."

"Goggo, ai shawara muke yi," in ji mai kemis.

"Allah ya yi albarka, 'yar nan. Ke ce ta ƙarshe jiya, ko?"

"Ba ni ba ce, Malama ce."

Malama ta ce wayarta ta samu matsala.

Goggo ta miƙa wa maƙwabciya wayar, aka mayar da jan fulas da tsohon suna.

"Goggo, kin taɓa fa," mai gyaran gashi ta tuna mata.

"Na taɓa," ta ce, tana ɗaure murfin fulas ɗinta da ƙyalle. "Da ma wa yake ɗauka?"