Filin Shanyar Gwaggo Bula

Wanda bai taɓa tsayawa a bayan layinmu da hantsi ba, lokacin da iska ke shiga tsakanin zannuwan gado tana kumbura su ɗaya bayan ɗaya, ba zai gane abin da ya sa tsohuwa ta ja daga da ƙaramar hukuma a kan fili ba. Fili ne kawai, jar ƙasa, ba komai a cikinsa sai wata tsohuwar bishiyar lemon tsami a kusurwa. Amma rana tana yin aikin kwana biyu a cikinsa a yini ɗaya, kuma mai wanki ba ta da jarin da ya wuce rana.

Gwaggo Bula muke ce mata, saboda shuɗin bular wanki da ya kama yatsunta ya ƙi saki. Da amarcinta ta zo layinmu, layin tsofaffin gidajen ma'aikatan ƙaramar hukuma, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida wanda in ka shimfiɗa tabarma kaza ba ta da wurin wucewa. Mijinta direban tankar ruwa ne. Da ya rasu ya bar ta da yara da baho biyu, ba ta zauna jiran dangi ba. Ta kafa sanduna a filin bayan gida, ta ja igiya, ta fara karɓar wanki. Da farko rigunan maƙwabta, har da nawa, waɗanda take dawo mini da su tana mitar tawadar da ke aljihu. Daga baya ƙaramin asibitin unguwa ya ba ta zannuwan gadonsa, masu tambarin hukuma a gefe. Aiki ya fi ƙarfin hannu biyu, ta jawo matan layi, kowace ta kafa nata sandunan. Da wannan igiya aka yi kuɗin makaranta, da ita aka aurar da 'ya'ya. Filin na hukuma ne, kowa ya sani, amma hukuma ba ta taɓa tunawa da shi ba.

Ranar da ta tuna, ƙanin mijin Gwaggo ne ya kawo labari. Shi ne kansilan mazaɓarmu, mutum mai furfura da tumbi, amma a bakinta har yau Auta ne, shi kuma Matar Yaya yake ce mata, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ya tara mu ya ce za a rushe tsofaffin gidajen nan da rufinsu ya gaji da yoyo, a gina benaye, kowane gida a ba shi nasa. Kuɗin ginin kuwa zai fito ne daga sayar da filayen hukuma da ba a amfani da su. Ya ce kwamiti zai zo ranar Laraba ya duba unguwa, har da Ciyaman da kansa.

Murna ta cika layi. Gwaggo kuwa abu ɗaya ta ji a duk bayanin: manyan baƙi za su zo. A layinmu baƙo ba ya ganin tsummanka. Ko surukinka ne zai zo, sai an sauke shanya, an tura baho ƙarƙashin gado, balle Ciyaman. Ta ɗaura ɗamara ta zama sarkin aiki. Aka kwance igiyoyi, aka tuge sanduna aka jingine su bayan banɗaki, aka cike ramukansu, aka share filin tas, aka yayyafa ruwa. Wankin asibiti ta kammala shi tun Talata. Matar Akawu, maƙwabciyarta, wadda ko atishawa ba ta yi a gaban mutane, ita ta bi da ƙaramar tsintsiya tana tsince zaren da ya maƙale a ƙasa.

Kwamiti ya zo, ya ga fili fes kamar faranti. Ciyaman ya yaba da tsabtar unguwa, ya sha ruwan sanyi, ya tafi. A cikinsu akwai wata yarinya mai tabarau, ma'aikaciyar sashen tsara gari, wadda muka laƙaba wa Mai Taswira. Ta auna, ta rubuta, ta yi godiya. Da yamma aka mai da sanduna, Gwaggo tana ta fara'a, tana cewa mun fita kunya.

Bayan wasu makonni aka kafe taswirar sabuwar unguwa a jikin allo a harabar ofishin hukuma, don kowa ya gani kafin majalisa ta amince. Gwaggo ta yafa mayafi ta je. Ta ga benaye an zana su a jere, ta ga filinta an shafe shi da jan launi. Ta tambayi masinja ma'anar ja, ya ce na sayarwa ne, har wani mai gidan mai ya nuna sha'awa. Ta tambaya ina za a yi shanya, ya nuna mata baranda, wani ɗan layi siriri a jikin kowane gida, wanda ko hankici biyu aka shanya sai ɗaya ya hau kan ɗaya.

Ba ta yi ihu ba. Ta nemi ofishin Mai Taswira, ta zauna a benci har aka kira ta. Ta gaya mata shekarun da ta yi a filin, da matan da ke ci daga cikinsa. Yarinyar ta cire tabarau ta dube ta.

"Gwaggo, ni da ƙafata na shiga filin nan. Ko sanda ban gani ba."

"Ai mun tuge, 'yata."

"Don me?"

"Don za ku zo."

Mai Taswira ta ce ita abin da idonta ya gani take zanawa, kuma bakin mutum ɗaya ba ya goge jan launi, don kowane fili da aka sa a kasuwa sai an sami mai cewa kakansa a nan yake shan iska. Amma doka ta ba kansila damar neman kwamiti ya sake zuwa sau ɗaya kafin majalisa ta zauna. In suka zo suka ga ana aiki, za ta zana aiki. In suka sake ganin faranti, ba ta da abin cewa.

A hanyar gida Gwaggo ta yi ta maimaita magana ɗaya, wai garin neman gira ta rasa ido. Ba ta tsaya a gida ba, ta zarce wurin Auta. Ya yarda zai nemi a dawo, ya ce da zarar an sa rana zai sanar da ita don su shirya.

"Kada ka kuskura," in ji ta. "Shiri ne ya kashe mu. Kada ka gaya wa kowa ranar, ni ce ta farko. Na san kaina, Auta. In na ji baƙi na tafe, hannuna da kansa zai nemi tsintsiya."

"Matar Yaya, kin san cikina ba ya riƙe magana."

"Duk girman nan nasa? To me yake riƙewa?"

Wannan shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba Kansila, mutumin da in ya sayi sabon takalmi sai unguwa ta san farashinsa kafin ya sa. Ya daina bin layinmu gaba ɗaya. In ya hango ɗayanmu a kasuwa sai ya shige shagon da ba shi da abin saye a ciki.

Aikin Gwaggo bai fi nasa sauƙi ba. Ta bi gida gida tana roƙon abu ɗaya: duk ranar da motoci suka tsaya, kowa ya bar shanyarsa inda take. Mata suka yi ta kallonta kamar ta ce su fita ba mayafi. Matar Akawu ta ce ita dai a sayar da filin da ita a ciki, amma Ciyaman ba zai ga gajeren wandon maigidanta ba, mutumin da ya yi shekaru yana zama ofis ɗaya da manya. Gwaggo ba ta yi musu da ita ba. Washegari ta fito da gidan sauronta, wanda faci ya yi masa yawa har sauro ke ɓata hanya a cikinsa, da wani zaninta na aiki da ya koɗe ya zama ba launi, ta shanya su a igiyar farko, ta bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani. Kullum ta wanke su ta mayar, ko ba su yi datti ba. Ta ce in asiri zai tonu, bari ya fara da nata.

Kwanakin jiran nan sun ba mu dariya da ba za mu manta ba. Ko motar mai burodi ce ta yi ƙaho, sai ka ga mata sun zabura sun nufi igiya, Gwaggo tana daga bakin baho tana cewa a mayar, a mayar. Sannu a hankali zaburar ta ragu.

Suka zo wata Asabar da hantsi, ranar da wanki ya fi yawa. Filin ya cika maƙil. Zannuwan asibiti sun yi sahu-sahu suna ɗiga, labulaye suna kaɗawa, ga kayan makaranta, ga katifar jariri an jingine a jikin lemon tsami da taswirar fitsari a tsakiyarta. Kumfa na gudu a lambatu, hayaƙin dutsen guga na tashi. Motoci suka tsaya, ƙofofi suka buɗe.

Matar Akawu ta yi wuf ta kai hannu kan gajeren wandon nan. Ta juyo don ta ga ko Gwaggo na kallonta, sai ta ga abin mamaki: Gwaggo a tsaye, tsintsiya a hannunta, har ta sunkuya. Ita kanta ba ta san lokacin da ta ɗauka ba. Suka dubi juna.

"Ajiye, in ajiye," in ji Matar Akawu.

Gwaggo ta miƙe. Kansila ne a gaba, yana share gumin sirrin da ya riƙe. Ta miƙa masa tsintsiyar ta ce, "Riƙe mini, Auta, kuma ko na roƙe ka kada ka ba ni." Matar Akawu ta saki wandon, ta rufe fuska da mayafi, amma ba ta gudu ba. Haka kansilan mazaɓarmu ya zagaya da kwamiti, tsintsiya a hammata.

Babu hanyar ratsa filin sai an sunkuya. Ciyaman ya sunkuya a igiyar farko, ƙarƙashin gidan sauron Gwaggo, ya sunkuya a ta biyu, ruwa ya ɗiga masa a wuya. A ta uku ya tsaya, ya kama gefen wani zanin gado, ya dubi tambarin da ke jiki. Ya tambaya ko na asibitinsu ne, aka ce nasu ne, a nan ake wanke su tun kafin a yi wa asibitin fenti na farko. Ya tambaya in an sayar da filin a ina za a shanya su. Mai Taswira dai tana bin sanduna ɗaya bayan ɗaya, tana sa wa kowanne ɗigo a takardarta, murmushi na neman ƙwace mata.

Kafin ya shiga mota Ciyaman ya ce, "Gwaggo, wancan zuwan ina kuka kai duk wannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wancan zuwan baƙo ne kai. Yau ɗan gida muka ɗauke ka."

Majalisa ta zauna, aka yi ta ja-in-ja, don kuɗin gini ba daga sama zai faɗo ba. A ƙarshe aka yanke gefen filin da ke bakin titi aka sayar, aka yi shaguna, mai gidan mai ya nemi wani wuri. Lemon tsamin yana cikin abin da aka yanke. Gwaggo ta tsaya ta ga an sare shi, ta tsinci 'ya'yansa a bakin zani. Sauran filin kuwa aka goge masa ja. Mai Taswira ta juya benayen a takarda suka kewaye shi ta gefe uku, ta bar gabas a buɗe don rana ta shigo da wuri. Aka kafa turakun ƙarfe a cikin siminti, waɗanda ba mai iya tuge su ko sarkin duniya ne zai zo, aka ja famfo har bakin wurin wanki.

Mun yi zaman haya a warwatse kafin a gama, wasu tsofaffinmu ba su ga dawowa ba. Gwaggo ta gani. An ba ta gida a ƙasa saboda gwiwa, tagarta na kallon igiyoyi. Yanzu surukarta da jikokinta ke wankin, ita tana kan kujera tana duba wuyan riga tana mayar da wadda ba ta fita ba.

Ana gobe bikin buɗe gidajen, Kansila ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce za a zo da masu ɗaukar hoto, manya daga sama za su halarta, ko za a ɗan sauke shanyar na yini ɗaya kawai.

Gwaggo ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Auta, ina tsintsiyar da na ba ka ajiya?"

Ya ce tana gida.

"To ci gaba da riƙewa."

Hoton bikin yana rataye a ofishin hukuma har yau. Ga Ciyaman da almakashi, ga manya a jere, ga Matar Akawu a gefe ta sha ado. A bayansu kuwa, daga wannan bango zuwa wancan, zannuwan gado ne farare tas, iska ta cika su, rana tana ratsa su.