Zaren da Na Lasa

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da na iya, da hannuna na iya shi. Duk macen da ta tashi a unguwarmu a Gwaram, in ka ga 'yan kunnenta sun zauna daidai, na dama bai fi na hagu sauka ba, to hannuna ne. Na huda uwa, na huda 'yarta, na huda 'yar 'yarta.

A wurin goggona na koya, tun muna ruga wajen Zandam. Ranar suna da hantsi, in wanzami ya gama aski ya tafi, sai a miƙo mini jaririya. In murza fatar kunnen tsakanin yatsu biyu har ta mutu, in soka allura mai baƙin zare, in ɗaure, in shafa man shanu. Bayan kwana bakwai a cire zaren a sa tsinke. Allurata ɗaya ce, a wani ɗan gwangwani take kwana, kuma ban taɓa tunanin tana da laifi ba.

Mu haka muka tashi. Jarfar nan da ke goshina da kumatuna, mu shida wanzami ya jera ranar kasuwar Sara, aska ɗaya, yana goge ta a gefen rigarsa, ya bi mu da baƙin tukunya. Biyar muka warke, muka yi ta yanga. Ta shidan fuskarta ta kumbura, ta kwanta har aka gama girbi, ta tashi da tabo. Aka ce jininta ne ba kyau. Ni ma na yarda, na kuwa daɗe da yardar.

To, jikata da na raina tun tana rarrafe ta yi aure a Birnin Kudu, Allah ya ba ta 'ya mace. Na hau bas da gwangwanina ƙulle a bakin zane. Ranar suna ina kwance ƙullin ta gani.

Ta ce, "Kaka, wannan gwangwanin fa?"

Na ce, "Allurar da ta huda ki ce, mara kunya."

"Ai shi ya sa. Ta huda ni, ta huda rabin Gwaram. Wajen awo sun ce kada a haɗa jariri da kowa a allura ko aska, ciwon hanta ta nan yake bi. Wanzami ma sabuwar reza muka ba shi."

"Wato ni ce zan sa wa jinina ciwo?"

"Ba ke ba, tsohuwa, allurar. Ita ma ai ta isa ta huta."

Mijinta ya leƙo ya ce a bari yarinya ta yi ƙwari a kai ta inda ake hudawa da inji. Na ce masa, "Angona, je ka wajen baƙinka. Na ga kunnen injin nan, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon ƙasa." Ya yi dariya ya fita. Muka daidaita da jikata: ni zan huda, amma da sabuwar allura. Ta tafasa allurar da zaren a tukunya, ta sa na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar mai alwala sau biyu. Ita ta zura zaren da kanta.

Na huda kunnen dama, na yanke, na ɗaure. Yarinya ta tsala kuka, uwar ta juya tana jijjiga ta. A nan ragowar zaren ya zame daga allurar. Dafaffen zare kuwa bakinsa a tarwatse yake, idona kuma ba na da ba ne. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na kai shi baki na lasa, na ja tsawonsa tsakanin leɓɓana ya miƙe, na zura. Abin da hannuna ya saba yi ke nan tun kafin a haifi uwarta. Na huda na hagu. Ba wanda ya gani.

Kwana uku, kunnen dama lafiya lau, na hagu ya yi ja ya kumbura kamar dabino. Washegari ya fara ruwa, jiki ya ɗau zafi, ta ƙi kama nono. Jikata ba ta ga laifina ba. Kanta ta ɗora wa laifi, wai ruwan wanka ta bari ya shiga. Ni kuwa na san kunne ɗaya na lasa wa zare, kuma shi ne ya kumbura.

Muka tafi asibiti. Malamar da ta duba jaririyar yarinya ce, ba za ta girmi jikata ba. Ta tambayi allura, aka ce sabuwa ce, an dafa. Ta tambayi abin da aka shafa, aka ce babu. Sai ta dubi uwar ta ce, "To ke ce ba kya kula da wurin ke nan." Jikata ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanen goyo.

Da na yi shiru, shi ke nan, in koma Gwaram da sunana yadda na zo da shi. Na dubi yarinyar da na goya tana ɗaukar kayan da ba nata ba. Na ce, "Malama, ba ita ba ce. Ni na sa zaren a baki."

Malamar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Iya, abin da ke zaune lafiya a bakin babba, in ya shiga raunin jariri ciwo ne. Gara da kika faɗa." Ta yanke zaren, ta wanke wurin, aka ba mu gado. Kwana biyu muka yi kafin yarinya ta kama nono. Hudar hagu ta toshe.

A bakin gadon nan na tuna da ta shidanmu ta kasuwar Sara. Na tuna da 'ya'yan da kunnensu ya kumbura a hannuna, nakan ce wa iyayen kunnen ne mai ƙin zare. Ban ce duka ni ce ba. Amma ban isa in ce ba ni ba ce.

Shekara guda tattaɓa-kunnena tana yawo da ɗan kunne ɗaya, kowa ya gani sai ya tambaya. Rannan jikata ta aiko in zo, za a mayar da yarinya wurin malamar a sake huda na hagu. Na ce me zan yi a can? Ta ce, "Ki zo dai, tsohuwa, kya riƙe mana takalmi."

Malamar ta sa safar hannu, ta ɓare ɗan kunne daga cikin leda, ta ɗiga alama da biro. Na leƙa na ce, "Nan ba daidai ba ne, ya yi ƙasa." Ta dube ni, ta miƙo mini sabulu da safa. Ta cikin robar nan na lalubi kunnen, na ji tsohon tabon, na hau sama da shi kaɗan. Na ce, "Nan." Ta goge, ta sake alama, ta huda. Ya zauna daidai da ɗan'uwansa.

Har yau matan unguwa na kawo mini jarirai. Nakan ce su bari su yi ƙwari, mu tafi asibiti tare, ni in nuna wuri, mai safa ta huda. Allurar tana nan a gwangwaninta, da ita nake ɗinke bakin zanena. Zaren kuwa ina lasarsa, zane ba ya kumbura.