Ammi Jallul Mai Danƙo

Duk wanda ya taso a garinmu ya san abu biyu tun yana rarrafe: ba a shiga teku ranar da iska ta juyo daga gabas, kuma ba a miƙa wa Ammi Jallul, wato Baffa Jallul, hannu. Ba don mugun hali ba, wallahi. Mutum ne da ko ƙuda ba ya kashewa, sai dai ƙudan ya sauka a tafinsa ya kashe kansa.

Sana'ar ubansa toshe ɓarakar kwale-kwale da ƙaron itace. Jallul ya gaji tukunyar dafa ƙaron amma bai gaji son ruwa ba, don ko a gaɓa ya tsaya sai jiri ya ɗebe shi. Yana ɗan shekara ashirin ya ga 'yan ƙwallon hannun garinmu suna tofa yawu a tafi don ƙwallo ta zauna musu, ya koma gida ya dafa musu danƙo. Shekara talatin da takwas ke nan shi ke dafawa, shi ke murzawa, shi ke manna wa kowane ɗan wasa ɗan curi a dunduniyar takalmi, inda zai riƙa dangwala in yatsu sun bushe. Bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Danƙon kuwa ya shige masa fata, hannuwan suka yi baƙi ƙirin, sabulu ya gwada ya haƙura.

Wata shekara aka kawo mana sabon liman da bai san gari ba. Ranar Idi ya miƙa wa Jallul hannu da fara'arsa, sai da ladan ya ruga gida ya ɗauko man zaitun kafin jama'a su samu limaminsu. Najiba matar Jallul kuwa safa take zura masa a hannu kafin ya taɓa labule. Ranar baikon 'yarsa Dalanda, uban ango ya rungume kowa a ɗakin, da ya iso kan Jallul sai ya miƙo gwiwar hannu.

Ana dariya, yana dariya. Amma abin yana cin sa. Mutum ya fito masallaci ya ga ana ta musabaha hagu da dama, shi kuwa daga nesa ake dafa ƙirji a ce masa “Allah ya karɓa”, ai da ciwo.

Ana nan sai gasar wasanni ta ƙasashen Musulmi ta matso, aka kira Wajdi, ɗan garinmu mai jifa da hagu, cikin ƙungiyar ƙasa. Wajdi ya shafa danƙon gwangwani da ake raba musu, ya sansana, ya ce wa koci, “Wannan ai man kitso ne. In babu Ammi Jallul, ku nemi wani.” Haka sunan Jallul ya shiga takardar tafiya.

A gidan gahawa, Si Mukhtar, wato Malam Mukhtar wanzami, shi ne ya ba shi labarin yadda ake yi. Ranar wasan ƙarshe, in ji shi, kowa na ƙungiya har mai ɗaukar jaka zai shiga layi a gaisa da abokan karawa hannu da hannu, talabijin na nunawa.

“Kai dai ka tafi da safarka, Si Jallul,” in ji wanzamin. “Kada ka haɗa mu rigima da wata ƙasa.”

Jallul ya tashi ya fita. Ya isa gida ya ce, “Najiba, kawo kwano da man zaitun da lemon tsami.”

“Kifi za ka gasa?”

“Hannu zan jiƙa. Na rantse sai Mukhtar ya ga an gaisa da ni a cikin akwatin nan.”

“Kai mutumin nan! Man da na ɓoye don azumi?”

Kwana arba'in hannun dama yana kwano, hagu na aiki. Najiba tana gurza shi da dutsen goge kaushi tana mita. Ranar na arba'in hannun ya fito jawur, sumul, har zanen tafin ya bayyana. Jallul ya daɗe yana kallonsa kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya. Aka zura masa sabuwar farar safa, aka ɗaure da zare.

A masaukin 'yan wasa kuwa sai ga duniya: 'yan kokawa, masu ɗaga ƙarfe, masu gudu, kowa da harshensa, amma sallama ɗaya ce, kuma kowa hannu yake miƙowa, don ba wanda ya san shi. Wani ƙaton mai ɗaga ƙarfe ya miƙo masa tafi kamar faranti. Jallul ya dafa ƙirji. Ba zai ɓarar da gaisuwar farko a layin karɓar abinci ba, inda Mukhtar ba ya gani. Wasa biyar ya yi da hagu kaɗai, duk curin da ya miƙa sai ya ce, “Gafarta mini hagu, ɗana.”

Namu suka kai wasan neman na uku, da wata ƙungiya mai koren riga. Ranar manya suka zo kallo cikin kwat, don haka aka ƙure na'urar sanyin zauren. Jallul yana benci yana rawar ɗari, bai lura tukunyarsa ma ta ji sanyi ba.

Lokaci ya cika ana ashirin da shida da ashirin da shida, alƙalin wasa ya ba mu jifan mita bakwai, fenaretin ƙwallon hannu ke nan. Jifa ɗaya, daga ita sai gida. Aka dakata a goge gumi daga daɓe. Wajdi ya kai yatsu dunduniya ya ji curin ya zama tsakuwa. Ya taho benci a guje.

“Ammi, danƙo! Hannuna santsi yake!”

Jallul ya caka yatsan hagu a tukunya, yatsan ya lanƙwashe. Ya ɓalgato curi ya matsa, ya hura masa baki, ya cusa a hammata. Ina! Danƙon da ya daskare ba ya jin magana sai an sa shi tsakanin tafi biyu masu ɗumi an murza, shi ma ya san haka, ai shi ya koya wa kowa.

“Ammi, don girman Allah, suna jirana!”

Ya dubi farar safa. Kwana arba'in, da man azumin Najiba. Ya dubi yaron da ya fara manna wa curi tun takalminsa bai kai tafin hannu ba. Ya ce, “Allah ya isa tsakanina da mai na'urar nan,” ya fizge safar da haƙori, ya murza.

Ya kuwa murzu har ya wuce misali. Alƙali ya busa, Wajdi ya wurga hannu, ƙwallo ta ce ba inda za ta. Mai tsaron raga ya riga ya yi tsalle ya zube a kusurwa, sannan ta ga dama ta saki yatsun, ta gangara cikin raga a hankali kamar tsohuwa za ta kasuwa. Washegari jaridu suka ce dabara ce. Mu dai mun san ta wane ne.

Zaure ya ɗauki ihu, ana ɗaga Wajdi sama. Jallul yana zaune yana kallon hannunsa na dama, baƙi, yana nashe-nashe, har da zaren safa a manne. Ya yi murna, ba a ce bai yi ba, amma hawayen da ke idonsa ba na murna ba ne duka.

Aka ja layi. Ya tsaya can ƙarshe. Masu koren riga suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙo hannu, ya hangi tafin, ya mayar ƙirji da sauri. 'Yan wasa ne, sun san danƙo in sun gan shi. Goma sha shida suka wuce, koci ya wuce, likita ya wuce. A gidan gahawa, an ce Mukhtar da kansa ya daina dariya.

Sai ga na ƙarshensu, wani ɗan guntun tsoho mai furfura, yana tafe da hannuwa a ware nesa da wando, kamar mai ɗauke da tire da ba a gani. Jallul ya san tafiyar nan, tasa ce. Ya dubi hannun tsohon, baƙi ƙirin. Tsohon ya dubi nasa. Ya ɗago tafi zai kai ƙirji bisa sabo, sai ya tsaya.

“Salamu alaikum,” in ji tsohon.

“Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.”

Iyakar abin da suke ji na harshen juna ke nan. Suka tafa, ji kake caɓ! Danƙon ƙasa biyu ya haɗu. Suka girgiza, suka sake girgizawa, tsohon yana dariya da ragowar haƙoransa, Jallul yana ta tambayarsa iyali da gajiya, shi kuma yana amsawa da nasa yaren. Da aka kira namu su hau dakali karɓar lambar tagulla, aka ja Jallul, tsohon ya biyo. Masu koren riga suka ja nasu, Jallul ya biyo. Wani jami'i mai igiya a wuya yana ta busa usur yana nuna agogo.

Wajdi ya dubi abin ya riƙe ciki. “Ammi, tsaya nan, bari in samo mai a kicin. Yanzun nan zan dawo.”

Jallul bai ko waiwayo ba. Ya ƙara damƙe hannun tsohon, ya ce, “Bi a hankali, ɗana. Kicin ɗin da nisa, kuma ka gaji.”