Kifin da maigidana ya ƙi ɗiba

A bazarar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kogin Wudil ya janye har ana tsallake shi da ƙafa a wasu wurare. Tun da nake ban ga zafi irin na shekarar ba. Maigidana masunci ne, ni kuma ina yin bandar abin da ya kamo.

Wata safiya kifi ya taso a wani gurbi ƙasa da gada, tarwaɗa da karfasa birjik, duk ciki sama. Kowa ya ruga da kwando, har masu ɗiban yashi. Maigidana ya je, ya ɗauki guda ya shinshina, ya yar, ya dawo gida hannu rabbana.

Na ce, “Malam, ina namu?”

Ya ce, “Wannan ba na ci ba ne.” Shi dama sai an ja bakinsa yake magana.

Kafin azahar zance ya zaga unguwa. Wai wa zai ƙi kifin banza in ba wanda ya san abin da ya zuba a ruwa ba? A lokacin akwai masu tsiyaya maganin ƙwari a gurbi don su kwashi kifi, kuma duk wanda aka kama, sarkin ruwa kan raba shi da kogi har abada.

A bakin rijiya na wanke wasu mata biyu tas a kan maganar. Amma ina dawowa na tuna maigidana ya sayo maganin ƙwari don waken gonarsa ta ƙauyen Utai. Me ya sa ya ƙi yi min bayani? Yana fita masallaci na zazzage jakarsa, na shinshina komarsa ta kamun kifi, na jawo kwalbar maganin daga ƙarƙashin gado. Ina ɗaga ta saitin taga in ga ko ta ragu, sai ga shi a bakin ƙofa. Ya dube ni, ya juya.

Kwana uku bayan nan sarkin ruwa da dattawa suka bi kogin sama. Suka tarar da baƙin ruwa mai kumfa yana gangarowa ta ɓangaren Kano, yana warin fatar jima. Ruwan masana'antu ne. Da can kogi kan cinye shi, a shekarar kuwa babu ruwan da zai surka shi.

Dattawan suka zo zaure suka ba maigidana haƙuri, na jiyo shi har da dariya. Da suka watse na kai masa tuwo, na durƙusa, kunya kamar ta kashe ni.

“Malam, ni ma ka yafe min, kamar yadda ka yafe musu.”

Ya ce, “Su ai ba su san ni ba.”

Ya wanke hannu ya fara cin tuwonsa.