Kunnen Dama na Hosea Tillery

Hosea Tillery ya yi soja a Vietnam, a rundunar manyan bindigogi, ya dawo ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar katako a kudancin Arkansas. Dogo ne, dattijon coci, magana ba ta dame shi ba. Duk Juma'a shi ke soya mana tarwaɗa a zauren tsofaffin sojoji, kuma in yana gaban kasko, ko maƙogwaronka zai tsage ba zai waiwayo ba. Mu mun saba. Matarsa Vernice ce ba ta taɓa sabawa ba.

"Kunnensa ƙalau," in ji ta. "Ka buɗe tukunya a kicin, daga gareji zai taho. Maganata ce kawai ba ta shiga."

Da dariya take faɗa, amma ciwo ne. Ta taɓa gaya wa matata cewa ranar da suka baro asibiti bayan ɗansu na fari ya zo babu rai, tun daga ƙofar asibitin har gida tana yi masa magana ƙasa-ƙasa a mota, shi kuwa ya kafe ido a titi, ko uffan. Ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma yafe ba.

Tana da hujja kuwa. Gwajin da aka yi masa ranar sallama daga soja ya nuna kunnuwansa garau ne. Da ya nemi kuɗin lalura a 1972, da wannan gwajin aka hana shi, ya yi zuciya ya watsar da maganar. Sai a 2015 ya sake nema, likita ya tabbatar kunnen dama ya mutu, na hagu yana ɗan taɓawa, aka fara biyansa daga wannan shekarar. Da wani ne, da ya gode Allah ya kwanta. Hosea sai ya zo wurina, tunda ni ke taya mutanenmu cike takardu, wai a mayar masa da ranar fara biya zuwa 1972.

Na gaya masa gaskiya. Wanda aka hana, ya bar shekara ta wuce bai ɗaukaka ƙara ba, da wuya ƙofar ta sake buɗuwa.

"Kuɗin baya kake hange, Saja?" na tambaye shi, da ƙarfi, ta hagu.

"In sun bayar zan sake rufin gida," ya ce. "Amma ba shi ne ya kawo ni ba. Vernice ta ga 2015 a takarda ta ce, 'Ka gani? Wannan na tsufa ne. Na da can wulaƙanci ne.'"

Duk wanda ya yi aikin bindiga a zamaninmu ya san yadda ake cin gwajin nan. A jera ku a ɗaki, a sa muku abin ji a kunne, in ka ji ƙara ka ɗaga hannu. Wanda ya faɗi, a riƙe shi makonni ana ta bincike, abokansa su tafi gida su bar shi. Saboda haka sai ka nemi kusa da kuku ko akawu, mutumin da bai taɓa tsayawa bayan igwa ba, ka sa ido a hannunsa, in ya ɗaga ka ɗaga. Abin da Hosea ya yi ke nan, kuma bai taɓa gaya wa Vernice ba. Mutumin da ke tsawata wa yaran coci a kan ƙarya, yaya zai fara? Taurin kai ne, ni dai ban san wani sunansa ba.

Aka sa mana ranar sauraro a birni, alƙaliya a allon talabijin, mu a wani ɗan ɗaki mai sanyi. Vernice ta biyo mu, wai ta ga ƙarshen wasan. Hosea ya rantse, ya zayyana komai, har sunan kukun.

"Mista Tillery," in ji alƙaliyar, "me ya sa ka cuci kanka haka?"

Sai da na maimaita masa tambayar.

"Ranki ya daɗe, an riga an sa ranar aurena. Da sun riƙe ni, da ban iso ba."

Ban dubi Vernice ba, amma na ji ta daina kaɗa mafici. Alƙaliyar ta ce ta yarda da shi, sai dai kada ya sa rai, doka ba ta ba ta wannan hurumin ba. Haka kuma hukuncin ya fito bayan watanni. Ranar fara biya ba ta motsa ba, rufin gidansu har yau yana yoyo, kuma abin ya yi mini zafi.

Amma a ranar sauraron, da muka fito wurin ajiye motoci, Hosea ya nufi ƙofar direba kamar kullum. Tunda suka yi aure shi ke tuƙi, ita tana zaune a damansa. Vernice ta tsaya tana kallon kujerarta, ta daɗe. Sannan ta zagayo ta miƙa hannu.

"Kawo makulli, Saja."

"Ke da ba ki son babban titi?"

"Zan lallaɓa. Koma can." Ta waiwayo ta harare ni. "Kai kuma ka toshe kunnenka a baya."

Ta ja kujera gaba, ta gyara madubi, ta tayar da mota. Ba mu kai bakin titi ba ta karkata kai wajen kunnensa na hagu, ta yi ƙasa da murya.

"Yaron nan da muka rasa," ta ce, "Hosea ne sunan da na so in sa masa."

Ya juyo.