Safar Hannun Ranar Bincike

Shekara shida ina dama soda da hannu tsirara a wani ƙaramin kamfanin sabulu a Tarauni, kuma ban yafe ba. Sodar ta cinye min zanen babban yatsa, har ya zama in na dangwala a takarda sai ka ce miya ce ta ɗiga. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci a Gyadi-Gyadi ke nan, ina da jika biyu: in koyi sa hannu.

Ba wai babu kayan kariya ba ne. Akwai su sababbi fil a akwatin ƙarfe a ofishin manaja, safar roba da dogayen takalma da tabarau. Sau ɗaya a shekara suke shan iska, ranar da masu bincike za su zo. Ana gobe sai a wanke daɓe, a aro tukunyar kashe gobara daga gidan burodin maƙwabta. Su ma in tasu ranar ta zo su aiko a karɓa.

Shekarar da karatu ya zauna min, ranar bincike manaja ya jera mu, mu bakwai, ya raba kaya.

"Inna, in an tambaye ki, kullum kuke sawa."

"To, ɗan nan. Ai shi ya sa har yau suna cikin leda."

"Cire ledar mana!"

Masu binciken suka yaba tsafta, suka ɗauke mu hoto muna ɗingishi cikin takalman da ba su san ƙafarmu ba. Ba wanda ya ce in cire safa ya ga hannuna. Aka miƙo takardar da muka saba dangwalawa, Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Wannan karon na karanta, ina bi da yatsa, manaja yana ta gumi. Wai kamfani ya mallaka wa kowace ma'aikaciya kayanta. Na sa hannu, na ɗauki hoton takardar da wayata.

Motarsu na fita manaja ya buɗe akwati a mayar da kaya. Kowa ta zuba nata, ban da ni.

"Inna, kawo."

"In kawo me? Kai ma ka sa hannu cewa nawa ne. Ko ƙarya ka yi wa hukuma, in bi su in gyara?"

"Masu neman aikin nan suna da yawa fa."

"Su zo. Ka ce su taho da hannun canji."

Na san zai iya kora ta, kuma aikin nan ne ke ciyar da gidana. Washegari na zura takalman tun daga gida, na hau adaidaita sahu ana ta kallona, na riga kowa isa. Na tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, duk wadda ta iso cikin matan shida sai na tare ta na karanta mata abin da ta dangwala.